Injin Yaya Ba Ya Ja

Karo na huɗu ke nan da aka turo injin nan a baro har ƙofar shagonsa, kuma wannan karon Yaya da kanta ta biyo bayan baron, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana tafe tana faɗa ita kaɗai.

Duk bakin kogin nan Injiniya ake ce masa. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran injin jirgin ruwa a wannan shago na kwano, mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, da wani tsohon duro cike da ruwa a gefe, inda yake tsoma ƙafar inji ya tayar ya saurara. Mutum ɗaya ce tak ba ta taɓa kiransa Injiniya ba, ita ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurinta shi Auta ne, ko da furfura ta cinye masa gemu, kuma ko a gaban wa.

"Auta! Fito ka karɓi gawarka."

Ya fito yana goge hannu da tsumma, ransa a ɓace tun kafin ya ji bayani. Masu dako biyu da ke zaune a bencin mai shayi suka juyo, ya ga ɗayansu yana danne dariya.

"Yaya, don Allah ki riƙa sassauta murya. Wurin aiki ne nan."

"Wurin aiki? Ina aikin? Jiya mutum goma sha huɗu muka ɗauka da kwandunan tumatir, muna tsakiyar ruwa ya sare. Tafiyar minti arba'in sai da muka yi awa biyu. Muka isa kasuwa ta watse. Wata mata ta zage ni tas, ta haɗa har da uwarmu da ke kabari. Uwarmu fa, Auta, ba tawa ni kaɗai ba."

Jirgin na marigayi mijinta ne, kuma da shi take ci da kanta da jikoki uku da ke hannunta. Kullum yana kai mutane da kaya kasuwar tsallake ya dawo da wasu. Ba ita ke tuƙi ba. Tana da direba, wani siririn magidanci da ake kira Shiru-Shiru, don sai ya wuni bai yi magana goma ba. Shekararsa bakwai a jirgin. Shi ya turo baron, yanzu yana tsaye a gefe yana share gumi da hularsa.

Injin mai ƙarfin doki arba'in ne, irin na da wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ya haura shekara ashirin, fentin murfinsa ya koɗe har ba a gane launinsa, amma Injiniya ya san cikinsa noti-noti. Ciwon nasa kuwa mai cin rai ne. Ja ɗaya yake tashi. Ya ɗauki kaya ya fita da ƙarfinsa, sai an yi kamar minti goma sha biyar ana ba shi wuta, sai muryarsa ta canza, ya fara tari, ya sare kamar an shaƙe shi. In an sassauta totur ya ɗan farfaɗo, in an ƙara ya sake faɗuwa.

Zuwan farko Injiniya ya canza filogi. Zuwa na biyu ya kwance kafireto, ya bi ƙananan ramukan nan da siririyar waya da iska, ya wanke matacin mai. Na uku ya canza robar famfon mai, ya auna ƙarfin fistin duka biyun ya same su daidai, ya gwada kwayil da zafi da sanyi, ya duba farfela ko tana zamewa a kan sandarta. Kowane karo inji ya yi ta ruri a duro kamar sabo, kowane karo kuma ba a daɗewa sai a sake turo shi.

"Kuma don ka sani," in ji Yaya, "na nuna wa bakaniken tsallake. Ya ce inji ya mutu, in sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe in huta."

Nan Injiniya ya ji jini ya hau masa ka.

"Wa? Wancan? Wanda ya koyi riƙe sifana a wannan shagon, har ya bar nan bai san bambancin sifana lamba goma da sha biyu ba? Shi kika kai wa injin da nake riƙe da shi tun yana cikin kwali? Yaya, kin ci mutuncina. Wallahi kin ci mutuncina."

"Mutuncinka ba ya ƙetare kogi. Inji nake so."

Ya ciccibi injin shi da Shiru-Shiru suka ɗora a bakin duro, ya ɗaure shi tam. Tankin jirgi da tiyonsa kullum a jirgi ake barinsu, inji kaɗai ake kwancewa a kawo, don haka ya jona nasa tankin na shago, ya matsa famfon robar nan da ke tsakiyar tiyo har ya yi tauri, ya fizgi igiya. Inji ya tashi. Ya sa giya, yana ba shi wuta yana sassautawa, ruwan duro yana tafasa yana fantsama har bakin titi. Rabin awa cur, ko tari ɗaya babu. Ƙarar ta tara jama'a: masu dako, masu jiran jirgi, mai shayi da ludayinsa a hannu, da direbobin wasu jiragen.

Ya kashe, ya juyo yana huci.

"Kun ji da kunnuwanku. Wannan ne mataccen inji?"

Shiru-Shiru ya gyara murya. "Injiniya, ni dai abin da na lura, tun ranar da aka canza..."

"Kai ne bakaniken ko ni? Tuƙi aka ɗauke ka, ba lura ba." Ya juya wajen yayarsa. "Inji lafiyarsa ƙalau. A hannuna yana ja, a hannun wani ba ya ja. To abin da ake ɗura masa ne. Wa ke sayo mai?"

"Shi," in ji Yaya a hankali.

"To ga amsarki nan a tsaye. A aiki mutum sayen fetur, ya rage ya sayar, ya cike tanki da kalanzir, sannan a zo a ce Injiniya bai iya aiki ba. Ni za a mayar sakarai?"

Shiru-Shiru ya dube shi, ya dubi jama'a, ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Ni?"

Ya sa hularsa, suka mayar da inji cikin baro, ya tura ya tafi.

Injiniya ba shi da hujja ko ɗaya, kuma ya san haka tun maganar tana bakinsa. Zafin bakaniken tsallake ne da dariyar masu dako suka taru suka nemi wanda za su sauka a kansa. Amma da ya koma cikin shago sai ya yi ta jera wa kansa dalilai, har ya kusa yarda. Ai mai shiru-shiru ba a san cikinsa ba. Ai kwanan nan ya ga mutumin da sabon takalmi.

Yaya ba ta kori direban ba, amma ta ƙwace tankin. Ita ke zuwa gidan mai da kanta, ita ke auna baƙin mai da gwangwani ta zuba, da yamma ta sa a kai mata tankin ɗakinta ta kulle. Kafin kwana biyu masu dako sun daina cewa Shiru-Shiru, sun koma kiransa Kalanzir. Har mata masu talla a bakin ruwa sun ɗauka.

Rana ta huɗu da hantsi Yaya ta sake bayyana a ƙofar shago, ba baro, ba inji.

"Ɗauko jakar kayan aikinka."

"Ina injin?"

"Yana inda yake ciwo. Man da na sayo da hannuna na zuba, jiya ya sare, shekaranjiya ya sare. Yanzu kuma ni ce ɓarauniyar? Duronka ba kogi ba ne. Tashi mu je."

"Yaya, kin san ba na shiga ruwa."

Kowa ma ya sani. Tun yana ɗan shekara tara da ya zame a bakin kogin nan ya sha ruwa har ya suma, bai ƙara taka jirgi ba. Injin jirgi ɗaruruwa sun bi ta hannunsa, amma in zai je tsallake sai ya hau mota ya zagaya ta sabuwar gada, tafiyar rabin yini.

"Ni na tsamo ka ran nan da gashin kanka," in ji Yaya. "In ka faɗa yau ma zan tsamo ka, ko da yake yanzu ban ga gashin da zan kama ba. Ko ka zo, ko gobe inji ya tafi wajen masu tsohon ƙarfe. Zaɓi."

Haka ya sauko bakin ruwa da jaka a kafaɗa, ya sa rigar ceto mai ruwan lemo wadda ta ƙi rufe masa tumbi. Direbobi suka yi ta ihu suna tafi. Wani ya ce a kira mai hoto. Injiniya ya zagi uban kowa a ransa, ya shiga jirgi da rarrafe, ya zauna a ƙasa kusa da inji, hannu ɗaya ya damƙi katako. Ba fasinja. Buhunan siminti goma sha biyu ne da ake jira a tsallake, Yaya ta haye kansu ta zauna. Shiru-Shiru bai gaishe shi ba, bai kuma kalle shi ba. Ya ja igiya suka fita.

Minti goma na farko Injiniya bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Daga baya kunnen sana'a ya rinjayi tsoro, ya fara sauraro. Muryar inji tsaf. Ya ɗora tafin hannu a jikinsa, zafi daidai. Ya leƙa baya, ruwan da ke sanyaya inji yana fita siriri da ƙarfinsa. Har ya buɗe baki zai ce wa Yaya ga shi nan, sai murya ta canza. Inji ya yi tari biyu, jirgi ya dafe kamar an riƙe shi ta baya.

"To," in ji Yaya. "Ga baƙonka."

"Kar ka sassauta," ya ce wa direban. "Riƙe shi haka."

Ya bi inji da ido daga sama har ƙasa, ya biyo tiyo, sai idonsa ya sauka a kan famfon roba. Ya lotse, ya manne da juna kamar an taka shi da ƙafa. Inji yana zuƙa, mai ba ya zuwa. Ya bi tiyon da rarrafe har inda tanki yake, ya yaye buhun da aka rufe shi da shi. Murfin tankin an naɗe shi da leda ninki uku, an ɗaure da roba tam.

Ya fizge ledar, ya murɗe murfin. Tanki ya ja iska, fuuu, kamar wanda aka daɗe da toshe wa hanci.

"Wa ya yi wannan? Wane mai hankalin ne ya yi wannan?"

Yaya ta gyara zama. "Ni ce. A ɗakina yake kwana, warin yana sa mini ciwon kai."

"Ke ce! Allah mai iko! Kin ga wannan ɗan ramin da ke kan murfi? Ta nan tanki ke shaƙar iska. In kin toshe shi, ta ina mai zai fita? Ki toshe bakin buta ki ga ko ruwa zai zubo! Wata biyu ana yawo da sunana a bakin ruwa, an kai ni tsallake an kai ni ko'ina, an sa mini rigar yara an mayar da ni abin dariya, ashe leda ce! Leda, Yaya!"

Ya daɗe bai ji daɗin faɗa irin na wannan lokacin ba. Har ya manta yana kan ruwa, ya saki katakon yana nuna ta da hannu biyu. Yaya ta kawar da kai tana gunaguni.

Shiru-Shiru ya yi magana, idonsa a kan ruwa. "Ledar nan kwananta uku. Ciwon kuwa wata biyu."

"Ba a tambaye ka ba. Ja mu tafi."

Famfon ya ɗan cika, inji ya ɗauka, suka ci gaba. Injiniya ya bar murfin a kwance don kowa ya gani, ya harɗe hannu. Ba su yi minti bakwai ba inji ya sake tari. Wannan karon bai tsaya a tari ba. Ya yi wata 'yar shessheƙa ya mutu murus. Famfon roba ya sake lotsewa, ga murfin tanki a buɗe.

A daidai nan kogin ya fi ƙarfi. Can ƙasa kaɗan akwai ginshiƙan tsohuwar gada da ta rushe, guda huɗu, ruwa yana dukansu yana kumfa. Jirgi ya juya gefe ya fara bin ruwa da nauyin simintinsa. Shiru-Shiru ya tsallake buhuna ya ɗauki filafili ya fara tuƙi da hannu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

"Auta," in ji Yaya, muryarta ta sauka, "yi abin da za ka yi."

Ya kwance bututun da ke shiga cikin tanki ya zaro shi. Ragar bakinsa fes, ko ƙwayar yashi babu. Ya tsiyayi man a tafin hannu ya shinshina, ya duba. Fetur ne da baƙin mai, ba ruwa, ba komai. Saura abu ɗaya tsakanin tanki da famfo, wato tiyo. Ya cire tiyon, ya kafa baki ya busa. Iska ta wuce. Ya zuƙa a hankali, ta wuce. Ya zuƙa da ƙarfi, sai ya ji ɗif, hanya ta rufe.

Ya zaro wuƙa ya tsaga tiyon a tsaye. Daga waje sabo ne fil, baƙi mai sheƙi. A ciki kuwa wata siririyar fata ta saɓule daga jikinsa, fetur ya jiƙa ta ta yi laushi kamar takardar da ta kwana a ruwa. In inji yana ja a hankali sai ta kwanta mai ya wuce. In ya daɗe yana ja da ƙarfi sai ta naɗe ta toshe hanya.

Ya san tiyon. Wani mai talla a babur ne ya kawo masa naɗi guda, ya ce na waje ne, ya fi na kanti. Wata biyu da suka wuce shi da kansa ya sauko bakin ruwa, ba wanda ya roƙe shi, ya ce tsohon tiyon Yaya ya tsufa ya yi muni, ya cire kawunan ƙarfen da ke bakinsa biyu da famfon, ya mayar a kan sabon. Kyauta ya yi mata. Har ta yi masa godiya.

Ya dubi ruwa. Abin da ya fara zo masa shi ne ya saki tiyon ya nutse, ya ce datti ne ya toshe. Da ya ɗago ido sai ya ga Yaya tana kallon hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Tiyo ne."

"Na ga tiyo ne, ba makauniya ba ce ni. Wa ya sa shi?"

Ya juya tiyon a hannunsa.

"Tsohon yana ƙarƙashin bencin baya," in ji Shiru-Shiru yana haki, bai daina tuƙi ba. "Ban yar ba. Da shi nake juye mai daga jarka."

Injiniya ya laluba ya jawo shi, ga shi nan da tsufansa da muninsa. Ya ciro kawunan ƙarfen da famfon daga sabon da filaya, ya cusa a tsohon, ya ɗaure da waya don maɗaurin ɗaya ya faɗa cikin ruwan ƙasan jirgi ya ɓace. Yana jin ƙarar ruwa a jikin ginshiƙai tana ƙaruwa, bai yarda ya ɗaga kai ba. Ya matsa famfo, ya matsa, ya matsa, har ya yi tauri a hannunsa.

"Zo ka ja!"

Ja na farko inji ya yi tari. Na biyu ya tashi. Shiru-Shiru ya karkata shi ya ba shi wuta duka, jirgi ya ɗaga hanci, suka wuce ginshiƙin farko da tazarar da ba ta fi tsawon mutum biyu ba.

Suka kai siminti tsallake aka sauke. Suka juyo, wuta a ƙarshe tun daga can har nan, inji bai yi ko atishawa ba. Sai da suka kusa gaɓa, inda ake hango mutane amma ba a jin murya, Shiru-Shiru ya kashe inji ya bar jirgi yana lilo.

"Me ya hana ka faɗa tun farko?" Yaya ta tambaye shi. "Tun da ka lura?"

"Sau uku na buɗe baki, Mama. Na farko ya ce kar in kuskura in taɓa ko noti ɗaya. Na biyu ya ce in je in koyi tuƙi. Na uku kina tsaye." Ya juyo ya fuskanci Injiniya, karo na farko a ranar. "Shekara bakwai ina jirgin nan. Ko cokali ɗaya na mai ban taɓa kai wa gidana ba. Matata fitila take kunnawa da nata kalanzir ɗin da ta saya. Shekaranjiya 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai ana ce mata 'yar Kalanzir. Ta tambaye ni, Baba, da gaske ne? Yarinyar da na haifa ta tambaye ni ko ni ɓarawo ne. Kai ka yi mini wannan, don kar a ce ba ka iya ba. Ke kuma, Mama, ba ki ce ƙarya ne ba. Tanki kika ɗauke kika kai ɗaki."

Yaya ta sunkuyar da kai. Injiniya ya ce, "To, ka yi haƙuri, kuskure..."

"Ba a nan ba. A nan kifi ne kaɗai ke ji. Inda ka faɗi waccan, can za ka faɗi wannan."

Da suka isa gaɓa jama'a suna nan, ana jiran a ga yadda Injiniya zai fito. Ya fito da rarrafe kamar yadda ya shiga, ya tuɓe rigar ceto ya jefar. Ya tsaya da tsagaggen tiyo a hannu.

"Jama'a, an gano matsalar. Tiyo ne. An samu ɗan kuskure wajen kaya..."

"An samu?" Yaya ta daka masa tsawa daga cikin jirgi. "Wa ya samu? Faɗi da bakinka, Auta, ko in faɗa da nawa!"

Ya ji kamar ya shaƙe ta. Ya ji kamar ya shaƙe mai babur ɗin, da bakaniken tsallake, da masu dakon da ke washe baki. Ya haɗiye.

"Ni na sa tiyon. Ni na saye shi, ni na ɗaura. Mutumin nan bai saci komai ba. Ƙarya na yi masa, ba ni da hujja. Duk wanda ya ƙara kiransa da wancan sunan, ni da shi ne."

Wani daga baya ya ce, "To kai kuma mu kira ka Tiyo?" Aka fashe da dariya. Shiru-Shiru bai yi dariya ba. Ya ɗaure jirgi a turke yadda ya saba, ya kwashe ruwan ciki, ya naɗe igiya, ya ɗauko hularsa da 'yar robar ruwan shansa. Ya je gaban Yaya ya ɗan rusuna.

"Mama, na gode da zama. Ki nemi wani."

Ta roƙe shi, ta bi shi har bakin titi tana kiransa ɗana. Bai juyo ba. Bayan mako guda aka gan shi yana tuƙa jirgin masu ɗiban yashi. Yaya ta ɗauki wani direban mai gaggawa wanda ya fasa mata hancin jirgi a satin farko, kuma ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwar ƙaninta.

Shi kuwa Injiniya abin bai ƙare masa a nan ba, don naɗin tiyon nan ba jirgin Yaya kaɗai ya shiga ba. Da ya zauna ya tuna, wasu jirage biyar ya ɗaura wa. Washegarin ranar da ya gano matsalar ya ƙona ragowar a bayan shago, ya sayo na kirki a kanti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgin farko ya yi dariya. Biyu suka zage shi, ya tsaya ya sha. Na huɗu ya ce dama ya canza da kansa tuntuni, bai dai faɗa ba ne don kar a yi faɗa.

Na biyar wani dattijo ne masunci da ke can ƙarshen gaɓa. Injiniya ya same shi zaune a gindin jirginsa yana ɗinkin raga, bayan jirgin fayau, ba inji.

"Baba, ina injinka?"

"Ya mutu. Ya yi ta sarewa, aka ce mini fistin ne, ba ya gyaruwa. Kwana tara ke nan da na ba masu tsohon ƙarfe. Da filafili nake fita yanzu, nan kusa-kusa."

Injiniya ya tsuguna ya faɗa masa gaskiya, bai rage komai ba. Dattijon ya ajiye allurar ragar ya dube shi.

"Injin nan da shi na aurar da 'ya'yana huɗu," ya ce. "Tashi ka ba ni wuri."

Injiniya ya tashi, amma ba gida ya nufa ba. Ya wuce filin masu tsohon ƙarfe, ya yi ta tona tsibin tarkace cikin rana yana zagin duk wanda ya ce masa ya bari. Wajen la'asar ya samu kan injin a ƙarƙashin wata ƙofar mota, ƙafar kuma a wani tsibin daban, an riga an cire farfela da kafireto an sayar. Ya kwaso abin da ya samu. Mako uku yana haɗawa, yana ciro wannan daga wani mataccen inji, yana nemo wancan a kasuwa, ya bar sauran aiki ya taru har masu shi suka fara kwashewa suna kaiwa tsallake.

Ranar da ya gama, shi da kansa ya kai wa dattijon, ya ɗaura a jirgi, ya jona sabon tiyo. Dattijon ya ja igiya inji ya tashi. Ya karkata kai ya saurara na ɗan lokaci, fuskarsa a murtuke.

"Muryarsa ba irin ta da ba ce," ya ce.

Ya kwance jirginsa ya tura ya shiga ruwa.